Malama ta ja wa jikata jan biro saboda "machine" da "catarrh"

Baba Mai Ritaya: Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya raina a ɓace yake. An ba su jikata aikin gida, kowa ya rubuta dalilin da ya taɓa hana shi zuwa makaranta. Ta rubuta cewa "catarrh" ne ya kama ta, babanta ya ɗauke ta a "machine", wato babur, zuwa asibiti. Malamarsu ta ja jan biro a ƙarƙashin kalmomin biyu, ta rage mata maki, sannan a gaban 'yan aji ta ce wai wannan Turancin 'yan tasha ne. Yarinya ta dawo gida da kuka. Ni da na koyar da Turanci har na ajiye alli, ina faɗa da babbar murya, wannan ba na 'yan tasha ba ne, tsohon Turancin Ingila ne. Har gobe likitocin Ingila suna cewa "catarrh" ga majina da toshewar hanci, Amurkawa ne ba su cika faɗa ba. "Machine" kuwa, a ƙarshen ƙarni na 19 haka mahaya keke a Ingila suke kiran kekunansu, a Sikotlan ma har keken doki haka ake ce masa. Da wannan bakin Turawan mulkin mallaka suka zo mana, muka riƙe, su suka saki. Yanzu yara sun tsinci Turanci a finafinan Amurka sun zo suna gyara wa iyayensu.

Sarkin Tuƙi: Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka da komai, me 'yan tasha suka tare maka? Malama ta zage mu, kai kuma ka zo kana wanke jikarka daga gare mu, ke nan ka yarda namu abin ƙyama ne. To duk sunan mota da ke bakin Bahaushe a hannunmu ya biyo: lori, tirela, tifa, bas, birki, giya, kuloci, sitiyari. Ita kanta tashar daga "station" aka samo ta. Ba a aji aka koya wa mutane waɗannan ba.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, ba haka nake nufi ba. Maganar malamar na maimaita.

Sarkin Tuƙi: Ka maimaita kuma ba ka tsawatar mata a kai ba.

Bakanon Asali: Direba, tsaya tukuna. Wa ya ce maka tasha Turanci ce? Tasha daga tashi take, wurin da mota ke tashi. Komai sai a miƙa wa Bature.

Sarkin Tuƙi: Malam, a tasha na girma, ba za ka koya mini sunan gidanmu ba.

Bakanon Asali: Girma a tasha ba hujja ba ne. Duba yadda muke aron irin waɗannan kalmomi: "store" ta zama sito, "steering" ta zama sitiyari. Da daga "station" ne, da sitasha za ka ji. Ina "s" ɗin ya tafi?

Anti Malama: Ku bar tasha ta huta. Baba, ka gafarce ni, amma na ga kowa ya hau kan malamar nan alhali ba ta nan balle ta kare kanta. Kunyata yarinya a gaban aji kuskure ne, wannan ban musa ba. Kuma "catarrh" ba laifi. Amma mu jarrabawa muke shirya yara, kuma mai duba takarda ba Turancin ƙarni na 19 yake nema ba. In tsufa shi ne daidai, to a zamanin Sarauniya Biktoriya in aka ce mutum ya mutu da "consumption", tarin fuka ake nufi, don yana cinye jiki har mutum ya ƙanjame. Tun Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882 sunan "tuberculosis" ya yi ta ture wancan. Yau yaro ya rubuta cewa kawunsa na da "consumption", wa zai gane? Haka "dropsy" na kumburin jiki, haka "falling sickness" na farfaɗiya, haka "bloody flux" na atuni. Duk Turancin Ingila ne tsantsa, duk kuma sun mutu.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, waɗannan sun mutu a ko'ina. "Machine" na raye a bakin miliyoyin mutane a ƙasar nan. Ba ɗaya ba ne.

Bakanon Asali: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsar "s".

Jikan Lebura: Ga amsa. Kakana ya yi aikin layin dogo, kuma har ya rasu "teshan" yake cewa, ba tasha ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kalmar ta biyo shi. Ka taɓa jin an ce tashar raƙuma a zamanin fatake? Zango ake cewa.

Bakanon Asali: Allah ya jiƙan kaka. Amma kakan mutum ɗaya ba ƙamus ba ne.

Jikan Lebura: Kai wane ƙamus ka kawo?

Ɗan Maraɗi: Ina ta sauraronku. Ku mutanen Najeriya kun ɗauka duk wata mota daga Ingila ta fito. A wajenmu a Nijar, da Faransanci, in aka ce "car", babbar motar fasinja ce mai zuwa Yamai ko Damagaram, ba ƙaramar mota ba. A Ingilishin ma da can keken doki ko amalanke ake nufi da ita, kuma a Amurka har yau taragon jirgin ƙasa "car" ne. Bas ɗin da direba yake tinƙaho da ita guntun "omnibus" ce, wato ta kowa da kowa a Latin, kuma a garin Nantes na Faransa aka fara kiranta haka a 1826, sai 1829 ta shiga Landan. "Ambulance" ma ta Faransa ce, da farko asibitin tafi-da-gidanka ne mai bin sojoji fagen daga, ba mota ba.

Sarkin Tuƙi: Ɗan'uwa, kun sallami sojojin Faransa amma ka zo nan kana yi mata kirari?

Ɗan Maraɗi: Korar soja daban, tarihin kalma daban. Kada ka kawo siyasar ƙasarmu nan, ba ka san ta ba.

Sarkin Tuƙi: Na sha kai kaya Maraɗi ta Jibiya, na san ta sarai.

Ɗan Maraɗi: Wucewa da lodi ba sanin ƙasa ba ne.

Maman Iman: Don Allah ku yi haƙuri. Ni aikin jinya nake yi a arewacin Ingila, kuma Baba na da gaskiya fiye da yadda kuke zato, don su kansu masu harshen bakinsu bai zo ɗaya ba. A nan majiyyaci ya ce maka "I have been sick", amai ya yi. Ba'amurke ya faɗi "sick", rashin lafiya kawai yake nufi, kuma nasa ne tsohon, shi ne a fassarar Baibul ta 1611. Tsofaffin yankin nan kuma "poorly" suke cewa, kuma in ma'aikaciyar jinya ta ce wa dangi mutum yana "very poorly", to jiki ya yi tsanani ƙwarai. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka ɗan zazzaɓi ne. "Motor" ma da ta ba mu mota, har yau za ka ji ta a bakin mutanen Landan. Kuma abin da zai ba ku mamaki, Ingila ta yi fama da zazzaɓin cizon sauro a fadamun Kent da Essex, suna ce masa "ague". Ita "malaria" daga Italiyanci take, gurɓatacciyar iska, don sun ɗauka warin fadama ke kawo ta, sai a 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar a cikin sauro a Indiya. Ai sai a zaunar da yarinyar a nuna mata wanda ake so a jarrabawa da wanda ake faɗa a gida.

Ɗan Zangon Kumasi: Hajiya ta yi magana. Mu a Gana "lorry" kowace motar haya ce, har tirotiro, wato ƙaramar bas, shi ya sa muke cewa "lorry park". Kuma ciwon idon nan da kuke ce wa afolo, mu muka raɗa masa suna. A Gana annobar ta ɓulla a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata.

Sarkin Tuƙi: Ƙaramar bas ce lori? Wannan kam ku kuka ɓata. Lori sai mai ɗaukar kaya.

Ɗan Zangon Kumasi: Ka gani? Abin da malama ta yi wa yarinya shi kake yi mana yanzu.

Bakanon Asali: Ni dai mahaifiyata ta ce ƙurar wata suka kwaso ta shiga idon mutane.

Maman Iman: Yaya, ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa ta hannu da tawul da ruwan ido. Dacewar lokaci ce kawai ta haɗa sunan.

Anti Malama: To shi ma afolo sai yara su rubuta a jarrabawa, tunda mutane da yawa na faɗa?

Baba Mai Ritaya: Ni ban ce afolo ba.

Shugaban Reshe: Jama'a dare ya yi, bari in tattara. Na farko, an tabbatar tasha daga "station" take, Jikan Lebura ya kawo shaida har da shekara, Bakano bai kawo komai ba sai taurin kai. Na biyu, Hajiya ta Ingila da kanta ta ce Turawan Landan "motor" suke cewa, wato abin da ake faɗa a tasha shi ne daidai, 'yan boko ne suka kauce. Na uku, zancen Faransa ba shi da alaƙa da mu. Anti ta yi ƙoƙarin kare abokiyar aikinta, amma ita ma ta amsa cewa an yi kuskure. Saboda haka malamar nan direbobi da 'yan kamasho da kanikawa ta ɓata wa, su ya kamata ta fara ba haƙuri. Baba, in za ka je makarantar ka sanar da ni, zan haɗa ka da mutum biyu daga ƙungiya.

Anti Malama: Kunyatawa na ce kuskure ne, ban ce gyaran ba. Kada a sa mini magana a baki.

Bakanon Asali: Ba a tabbatar da komai ba. A kawo mini littafin da aka rubuta "teshan" a ciki, da shafinsa.