Ban taɓa jikinta ba, amma ta yi yaji

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ni tela ne a kasuwar Wunti, shekara 6 da aurena, yara biyu. Ranar Alhamis tun safe babu wuta, man janareta ya ƙare, ga wata mai ɗinkin biki ta wanke ni tas a gaban yaran shagona, a hanya ma sai da muka yi cacar baki da mai adaidaita kan canji. Da na shiga gida magana ta haɗa mu da maiɗakina, na ɗauki kular abinci na buga da bango. Wallahi ban taɓa jikinta ba. Washegari ta kwashe yara ta tafi gidansu a Yelwa, baffanta yana cewa abin da na yi da duka duk ɗaya ne. Fushi ne fa kawai. Ko Annabi (SAW) yakan yi fushi har fuskarsa ta yi ja. Kwana uku ke nan ba na barci.

Malam na Fadaman Mada: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, ka ɗauki rabin magana ka bar rabi. Fushi halitta ce a zuciya, ba a kama bawa da laifin tasowarsa. A Ali Imrana aya ta 134 masu haɗiye fushi Allah ya yaba, wato suna jin sa su danne. Amma Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, yana cikin Muslim. Fushin ya zo maka ne, ɗaukar kular kuwa kai ka zaɓa.

Maman Ummi: Hmm. Nawa ma da faranti ya fara. Shekara huɗu ina jin ƙarar mashin ɗinsa gabana ya faɗi, iyayena suna ta cewa haƙuri. Yanzu ko kuɗin makarantar yaran ba ya aikowa.

Ɗan Jahun: Ka nemi ruƙiyya, wannan shafar aljanu ce. Sannan kada ka je biko da wuri, za ta raina ka.

Malam na Fadaman Mada: A'a, a daina ɗora wa aljanu komai. An koya mana: ka yi a'uziyya, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kwanta. Ka je biko gobe da wani babba.

Anti Nas: Ƙanena, idan rai ya ɓaci jiki yana sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, shi ya sa fita waje na ɗan lokaci yake taimakawa. Amma me ya hana ka jifan mai ɗinkin bikin da almakashi? A can ka iya riƙe kanka ai. Kuma yaran suna ina lokacin? Wannan ne karo na farko?

Mai tambaya: Anti, ita kwastoma ce, abincina a hannunta yake. Kuma ba ku ji abin da maiɗakin tawa ta faɗa min ba. Ni mutum ne mai zuciya, ta sani tun kafin aure. Da mugu ne ni ai ita zan jefa.

Maman Ummi: Ba ka amsa maganar yaran ba.

Mai tambaya: Suna ɗakin. Malam, in na je bikon dole sai na ce na yi laifi a gaban baffan nata?