Muhawara: karanta bayanin manhajar tace bidiyo kaɗai ya isa a ba shi maki?

Injiniya: Assalamu alaikum. Ga matsayina. In an haɗa manhajar tace bidiyo da wakilin AI, wato AI da ke aiwatar da ayyuka a madadin mutum, ta MCP, tsarin haɗa AI da wasu manhajoji wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, abu uku wakilin ke dogara da su kafin ya kira kowane aiki: sunansa, bayaninsa, da jadawalin abubuwan da ake shigarwa. Tunda su yake karantawa, mai dubawa ma ya karanta su ya ba da maki. An faɗi abin da aikin ke yi? An faɗi lokacin da bai kamata a kira shi ba? An faɗi abin da zai dawo da shi? Magana ta ƙare.

Edita: Wa alaikumus salam. Injiniya, da sauran magana. Ɗauki aikin yanka. An rubuta "yana yanke bidiyo daga wuri kaza zuwa wuri kaza", ka ba shi cikakken maki. Amma in FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo, ce ke aikin a ƙasa, kuma da umarnin -c copy yake yanka, wato kwafi ba tare da sake matse bidiyon ba, ba lallai ya yanke a inda aka ce ba. Yakan koma kan jigon firam, wato firam ɗin (hoto ɗaya a jerin hotunan bidiyo) da ke ɗauke da cikakken hoto, don sauran bambanci kawai suke ajiyewa. A x264, manhajar matse bidiyo, in ba a taɓa saiti ba, tazarar da ke tsakanin jigogin tana iya kai firam 250, sakan 10 ke nan a bidiyo mai firam 25 a sakan. Wakili ya nemi a fara daga sakan 18, fayil ya fito da abin da ya gabata, ba wani saƙon kuskure, wakilin kuwa ya sanar da mai aiki cewa an gama.

Injiniya: Ai giɓin bayani ne wannan, Malam. Mai dubawa da ya san sana'ar zai lura ba a ambaci jigon firam ba, ya rage maki.

Malama: Zai lura da abin da ba a rubuta ba. Ina zai gane abin da aka rubuta ba daidai ba? Bayani na iya cewa yankan na sauka daidai kan firam alhali manhajar da ke ƙasa kwafi take yi. Sai an gwada. Ka shirya buƙatu kamar 20 da irin maganar mutane, ka ba wakilin, ka duba wane aiki ya kira da waɗanne lambobi, sannan ka auna fayil ɗin da ffprobe, manhajar duba bayanan fayil ɗin bidiyo: tsawo, faɗi, yawan firam, ko sauti na nan. Ka sa bidiyon waya a ciki, don sau da yawa gudun firam ɗinsa ba tsayayye ba ne, kuma yakan ajiye hoto a kwance da alamar a juya shi. Nan ne ake samun baki na motsi murya na baya, ko a datse gefen da ba shi aka nufa ba.

Edita: Ga kuma ma'auni. An rubuta "lamba" kawai. Sakan ne, milisakan ne, ko firam? Lamba ta biyun ƙarshen yanka ce ko tsawonsa? A FFmpeg -to (ƙarshen yanka) daban, -t (tsawonsa) daban. Aka ce daga 30 zuwa 45, wakili ya zuba 45 a gurbin tsawo, sai ka samu sakan 45 maimakon 15.

Injiniya: To kun ga, wannan da ido ake kama shi, ba sai an kunna komai ba. Amma ku yi hattara, in aka cusa duk waɗannan a bayanin ayyuka 40, sun cinye wa wakilin wurin tunani tun kafin ya fara.

Malama: Gaskiya ne, shi ya sa ba komai ke shiga bayani ba. Ma'auni da iyaka su zauna a jadawali kusa da gurbinsu. Wasu kuma saƙon kuskure ne wurinsu: libx264, wato x264 a cikin FFmpeg, da tsarin launi na yuv420p ba ya karɓar faɗi ko tsayin da ba ya rabuwa biyu, to saƙon ya ce "faɗi 853 bai yiwu, gwada 854", wakili zai gyara da kansa. Abu ɗaya ne ba na ɗagawa a kai: in aikin na rubutu a kan fayil na asali, a faɗa a jimlar farko. Alamar destructiveHint ta MCP, mai nuna aiki na iya shafe wani abu, ishara ce kawai, ba ta hana komai.

Injiniya: Na karɓi gwaji a matsayin mataki na biyu. Karatu dai shi ne na farko, kuma bayanin da bai faɗi ma'auni ba ba zan ɓata lokacin gwada shi ba. Malama, turo mana jerin buƙatun nan 20, a sa haɗa bidiyo biyu masu girma daban a ciki.