Neman shawara: ya zan sa manhajata ta riƙa duba sabuwar siga da kanta?

Mai tambaya:
Slm 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Akwai wata 'yar manhaja da na rubuta da Python, ta buga rasit da lissafin kaya ce, masu shaguna ke amfani da ita a Windows, da PyInstaller nake haɗa ta, wato abin da ke mai da lambar Python shirin da za a iya buɗewa kai tsaye. Matsalata duk sanda na gyara wani abu sai na bi mutane ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp ina tura fayil, wasu ma sai na je da filash, yanzu kowa da sigar da ke hannunsa, mutum ya kira ni yana ƙorafi kan abin da na daɗe da gyarawa. So nake ta riƙa dubawa da kanta, in akwai sabuwa ta sauke ta saka ba sai kowa ya taɓa ba. Dan Allah ta ina zan fara?

Amsa ta 1:
Wslm malam. Ba sai ka kama hayar saba (kwamfutar da ke ajiye fayil a intanet) ba, ka ɗora a GitHub Releases, wato sashen shafin GitHub da ake ajiye sigogin manhaja don a sauke, kyauta ne, manhajar ta riƙa tambayar lambar sigar ƙarshe ta gwada da tata. Amma fa tambayar da ba shaidar shiga sau 60 kawai GitHub ke bari a awa ga adireshin IP guda (lambar da ake gane mai shiga intanet da ita), kuma masu datar waya sau da yawa mutane barkatai ne ke fita da IP ɗaya, don haka sau ɗaya a rana ya isa. Sannan kar ka gwada lambobin a matsayin rubutu, in ka yi haka za ta ɗauka 1.9 ta fi 1.10 sabunta, ka raba su a kan ɗigo ka mai da su lamba.

Amsa ta 2:
Ni gsky ban goyi bayan ta saka kanta ba ɗan uwa. Mai shago da datar wayarsa yake jona kwamfuta, ka zo ka cinye masa ba ka tambaye shi ba, ko layi ya taru yana tsaka da buga rasit manhaja ta rufe wai tana sabuntawa, wlh ranar sai ya goge ta. Ta dai faɗa masa akwai sabuwa, ga abin da aka gyara, ga nauyinta, ya zaɓi yanzu ko anjima. In ba sabis kuma ta yi shiru ta ci gaba da aiki, kuma ka sa duban a bayan fage da threading, wato dabarar gudanar da wani aiki a gefe ba tare da tsayar da babban aikin ba, in ba haka ba sai allon ya daskare kafin netwok ya amsa.

Amsa ta 3:
Ƙari kan maganar 'yar uwa mai amsa ta 2, abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsaro. A Yunin 2017 ta hanyar sabunta M.E.Doc, wata manhajar lissafin haraji a Yukren, aka saki NotPetya, wani mugun shiri mai lalata kwamfuta, ya yi ɓarna har a manyan kamfanoni irin su Maersk. Duk wanda ya samu hanyar sabuntawarka ya samu kwamfutocin mutanenka kaf, da lissafinsu da bashin da suke bi. HTTPS, wato hanyar saukewa mai tsaro, dole ne amma bai wadatar ba, a sa wa fayil ɗin hannu na dijital da ke nuna daga gare ka ya fito, makullin sa hannun ya zauna a wajenka kai kaɗai. Ka duba WinSparkle, an yi shi ne don wannan aikin a Windows, kyauta ne kuma yana tantance sa hannun kafin ya saka komai, ya fi ka ƙirƙiri naka. Ka kuma kunna tantancewa mai mataki biyu a asusunka na GitHub.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in mutum ya danna "yanzu", manhajar ce za ta danne tsohon fayil ɗinta?

Amsa ta 1:
A'a, Windows ba ya bari a rubuta kan shirin da ke buɗe. Ka yi amfani da Inno Setup, shirin haɗa abin saka manhaja a Windows, ka haɗa abin sakawa, manhajarka ta sauke abin sakawar, ta tada shi, sai ta rufe kanta. Ka tabbata bayanan shago suna AppData, foldar da Windows ya ware wa bayanan manhajoji, ba wuri ɗaya da manhajar ba, kuma ta kwafe su gefe kafin a fara. Su kuwa waɗanda ke da tsohuwar siga ba ta san ta duba komai ba, wannan karon dole ka sake zagaya su da filash ɗinka, sai ka haɗa duk gyare-gyaren kafin ka fita.