Taƙaitawa: gano dunƙulallun gungun taurari a bayan ƙura

Ga abin da na tsinta daga muhawarar da aka yi kan yadda za a gano dunƙulallun gungun taurari (tsofaffin taurari masu yawa da suka dunƙule wuri guda) waɗanda ƙurar sararin samaniya ta ɓoye:

1. Kowa ya yarda ƙurar tsakiyar Milki Wei (babban tarin taurarin da ranarmu take ciki) tana tare hasken da ido ke gani. Hasken infared kuwa, wanda ido ba ya gani, yana ratsa ta, shi ya sa binciken taurari mai suna VVV, wanda aka yi cikin wannan haske da na'urar hangen nesa ta VISTA a Chile, ya yi amfani.

2. A nemi taurarin RR Lyrae, wani nau'in taurari da ake yawan samu a irin waɗannan gungu. Tsofaffi ne, sun haura shekara biliyan 10, haskensu na ƙaruwa yana raguwa cikin ƙasa da kwana guda, kuma daga haskensu ake gane nisansu.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce tarinsu a wuri guda ya isa hujja cewa akwai gungu a wurin. Mafi yawa sun ce a'a, sai bayanan Gaia (na'urar hangen nesa da ta auna motsin taurari daga sararin samaniya) sun nuna tafiyarsu ɗaya ce. Ni ma nan na tsaya.