Jirgi ya sunkuya ko ya tsuguna: me za mu ce wa "trim"?

Mai gyaran jirgi, Jidda: Jama'a, kalma nake nema. Turawa na cewa "trim", wato yadda jirgi yake a ruwa tsakanin goshinsa da gindinsa. Nan Abhur, bakin tekun Jidda, akwai wani jirgi mai filafili da mai shi ya kafa wa allunan sola a baya, ya rataya ƙaramin kwalekwale, ya jibga batura ƙarƙashin kujerar matuƙi. Yanzu layin fentin da ya kamata ya bi fuskar ruwa ya nutse a baya har gansakuka ta kama shi, a goshi kuwa yana sama da kusan taƙi guda. Yaran da nake koya wa aiki Hausa suke ji, na gaji da ce musu "tirim" suna kallona.

Ɗalibi, Madina: Malam, ai daidaito ke nan.

Mai gyaran jirgi: Daidaito shi muke nema, ƙanena, ba shi ne sunan abin ba. Wannan jirgin ma yana da nasa "trim" ɗin, mummuna ne kawai.

Baffa, Bur Sudan: Ɗana, kada ka wahalar da kanka, kalmomin suna bakinmu. A Maiurno na taso, bakin kogin Nilu. Jirgi in ya kwanta gefe guda, ya karkata. In goshi ya nutse, ya sunkuya. In gindi ne, ya tsuguna. Naka tsugunawa ya yi. Sunan da ya haɗa su kuwa zama ne: yaya zaman jirgin? Zamansa ya ɓaci, a gyara masa zama. Ko ruwa ma yana canza shi. Bahar Maliya gishirinta ya kai wajen giram 40 a lita, sauran tekuna kusan 35, kogi kuwa babu, shi ya sa jirgi da kaya iri ɗaya ya fi nutsewa a Nilu.

Malama, Makka: Baffa, a gafarce ni. "Zaman jirgi" ba za a ɗauka zaman fasinja ake nufi ba? Me ya hana rinjaye?

Baffa: 'Yata, rinjaye na mangalar jaki ne, sai gefe ɗaya ya fi nauyi ake faɗinsa. Jirgin da ke lafiya ba shi da rinjaye, amma yana da zama. A rubutu a cika shi, zaman jirgi a ruwa. A bakin aiki ba mai ruɗewa.

Ɗalibi: To a zuba darma a goshi mana, tsugunon ya tashi.

Mai gyaran jirgi: Abin da mai jirgin ya ce ke nan, na ƙi. Lissafin dai gaskiya ne: kilo 100 a mita 3 daga tsakiya daidai yake da kilo 300 a mita 1, don haka darma kaɗan a can ƙurya za ta miƙar da layin. Amma nauyi a goshi, nauyi a gindi, sai jirgi ya dinga sallama da kai, ga iskar arewa da ke tayar mana da gajerun igiyoyi nan gaɓar Jidda. Kuma in ka zarce har ya sunkuya, zai riƙa juya goshi cikin iska, matuƙi na kokawa da sitiyari. Baturan zan kwaso in kawo tsakiya, can ƙasa, in auna da tankin ruwa a cike da kuma babu komai, tunda kowace lita kilo guda ce. Darma sai in hakan ya gaza.

Malama: Shi wannan nauyin da ake zubawa a jirgi fa, me sunansa da Hausa?

Baffa: Larabawa na ce wa nauyin da ake ajiyewa a ƙasan jirgi sabura, mu ma haka muke ce a tashar nan. Ku bar ta, ta riga ta shiga baki.

Mai gyaran jirgi: Na karɓa, Baffa, Allah ya ƙara girma. Zama, sunkuyo, tsuguno, karkata, sabura. Gobe in Allah ya kai mu da su zan yi wa yaran bayani kafin mu kwance baturan.