Paven roba da nake bugawa yana tsagewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. A Tawa nake, ina buga pave, wato bulon shimfiɗa a ƙasa, da narkakkiyar roba da yashi. Jarin na surukina ne, kullum sai ya aiko a ji inda aka kwana, ga mai oda yana jira. Ledar fiya wata, kwalaben ruwa, guntayen tiyo, fasassun faranti, duka nake zubawa a rabin tano bisa wutar itace. Wasu su narke, wasu su dunƙule, hayaƙi ya shaƙe mu, in ya huce ya tsage. In ƙara wuta?

Injiniya: Kada ka ƙara, ƙanena. Duba lambar nau'in roba da ke gindin kayan. Leda (4) tana narkewa wajen digiri 110, bidon (2) wajen 130, kujerar roba (5) wajen 165, kwalbar ruwa (1) sai ta kai 250. Kafin kwalba ta saki, leda ta fara ƙonewa, kuma ko sun narke ba sa haɗuwa. Nan tsagar take fitowa. Tiyon PVC (3) kuwa iskar asid yake fitarwa, ta ci huhu, ta ci tanon. Farantin melamin ba ya narkewa sam, kamar dafaffen ƙwai ne, sai dai ya ƙone.

Mai walda: Ka sa baƙin man mota kaɗan, komai zai bi. Babbar matsala masu tsintar roba ne, sun tsawwala kuɗi, kuma jiƙa ta suke don ta yi nauyi a sikeli.

Injiniya: Mai yana raunana pave, Malam. Jiƙewar dai gaskiya ce: ruwa ya zama tururi, ya bar ramuka a ciki. A yanka robar, a jefa cikin baho: 2, 4 da 5 suna tasowa, 1 da 3 suna nutsewa. A shanya ta, a tankaɗe yashi a ɗumama shi, kilo 3 na yashi ga kilo 1 na leda. A shafa wa mul, wato abin da ake zuba haɗin a ciki, mai don kada ya manne, a danne da ƙarfi, ya huce a inuwa, kada a watsa masa ruwa.

Mai tambaya: Yallaɓai, kwalaben nan kyauta nake samu, tantancewa kuma sai an biya yara. Na ga masu haɗa duka, nasu lafiya lau.

Injiniya: Kilo nawa na yashi kake sawa?

Mai tambaya: Da ido nake aunawa. Man motar nan, lita nawa?