Mota a ƙofar gida, firij a kicin: an rabu da janareta ke nan?

Alhaji Sani: Salamu alaikum jama'a. Yau kwana tara ban tayar da janareta ba. Nissan Leaf ɗin nan da kuka yi ta min dariya da na saya, ita ke riƙe da gidana da dare. Na sa an ɗaura inbata mai wat 1,000 a kan ƙaramin batirinta, aka ja waya zuwa ciki. Firij, fanka uku, talabijin da ƙwayaye. Ni dai na ce duk mai motar lantarki ya sayar da janaretansa.

Garba Riwaya: Wa alaikumus salam. Haba Alhaji! Ƙaramin batirin nan bolt 12 ne, irin na kowace mota. Kafin ka gama jin labaran dare ya mutu murus.

Alhaji Sani: Ai a kunne nake barin motar, Garba.

Injiniya Binta: A nan Baba Alhaji ya fi ka gaskiya, Malam Garba. Batir biyu gare ta. Babban yana ƙarƙashin mota, ƙarfinsa ya haura bolt 350. Idan tana kunne, akwai na'urar da ke sauko da wutarsa zuwa wajen bolt 14 tana cika ƙaramin, aikin da altaneta ke yi a motar fetur. To inbatan daga babban yake sha, ƙaramin hanya ce kawai. Sai dai hanyar siririya ce. Don fitilu da rediyo da kwamfutar mota aka ƙera na'urar, abin da take iya bayarwa bai kai wat 2,000 ba, kuma motar ma tana cin nata kason. Ranar da aka jona dutsen guga ko sumo, ranar za a ji kuɗin gyara.

Alhaji Sani: Na hana guga. Hajiya ta koma na gawayi, tana ta mita.

Garba Riwaya: To naji. Wace waya aka sa tsakanin batir da inbata?

Alhaji Sani: Irin ta janareta mana.

Garba Riwaya: Innalillahi. Alhaji, wat 1,000 a kan bolt 12 amfiya 83 ne, idan aka haɗa da abin da inbata ke zubarwa sai ya doshi 100. Wayar janareta ba a yi ta don haka ba. Waya ake so mai kaurin ta walda, gajeriya, da fis dab da kan batir. Ba fis, waya ta goge ta taɓa jikin mota, gobara ce. Na ga motar da ta ƙone ƙurmus a kan abin da bai kai wannan ba. Kuma don Allah kowa ya ji: waya mai ruwan lemo a motar lantarki ta babban batir ce, ko da wasa kar a taɓa.

Malam Ado: Ni duk wannan bai dame ni ba. Tambayata ɗaya: ina kake cajin motar?

Alhaji Sani: A shago, da rana. Layinmu na can ana ba shi wuta sosai.

Malam Ado: Yauwa. Ashe tulu ce, ba rijiya ba. Ka ɗebo a shago ka kawo gida. A watan Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta fi mako a cikin duhu, shago da gida duka. Da me za ka cika ta a lokacin? Ga gida ba wuta, ga mota ba tafiya. Mai jarkar fetur kuwa ya kwana da fanka.

Hajiya Rabi: Malam Ado, ka faɗi kuɗin jarkar ma. Tun da aka cire tallafi a 2023 wa ke iya kwana da janareta? Ga ƙara, ga hayaƙin da ke kashe iyali guda a cikin barci. Motar nan ko tari ba ta yi. Ni da maƙwabcina zai koma irin ta Alhaji, da na kai masa tukwici.

Injiniya Binta: Mu yi lissafi da yunit na mita. Leaf ta 2018 batirinta yunit 40 ne tana sabuwa. Kayan Baba za su ci kamar wat 500, awa goma yunit biyar ke nan, a ƙara ɓarnar hanya da abin da motar ke ci tana kunne, a ce bakwai ko takwas. Wajen dare biyar ke nan idan batirin sabo ne kuma ba a fita da ita ba. Abin ba ƙarya ba ne. Bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011, Nissan da kanta ta fito da na'urar ba wa gida wuta daga Leaf a 2012, amma kai tsaye daga babban batir, ta wurin caji. Hyundai Ioniq 5 kuwa da soket ɗinta take zuwa, tana ba da har wat 3,600. Wanda bai sayi mota ba tukuna ya nemi irin wannan, ya huta da ɗaure-ɗaure. Kuma batirin Leaf irin ta 2018 ba shi da ruwan sanyaya, zafin Afrilu a Kano ba ya masa daɗi.

Garba Riwaya: Saura ɗaya. Da canjoba aka shiga gidan, ko soket aka cusa wa waya?

Alhaji Sani: Canjoban janareta aka bi. Wannan kam ban yi ganganci ba, na san wuta kan koma kan layi ta kama ma'aikaci a kan falwaya.

Garba Riwaya: Madalla. Yanzu ka fita ka taɓa wayar nan ta batir.

Alhaji Sani: Na taɓa. Da zafi, har robar ta yi laushi. Na kashe. Gobe da sassafe ka zo da taka wayar da fis ɗin.

Malam Ado: To janaretan nawa za ka bar min?

Alhaji Sani: Yaro na can yana zuba masa mai. Mu yi maganar bayan Garba ya gama.